Sankarar Huhu: Me Jini Ke Iya Faɗa Tun Kafin A Fara Tari?



Tambayar da aka miƙo mana don mu yi bayani a kanta yau ita ce: shin gaskiya ne yanzu likita na iya ɗibar jinin mutum ya gane ko ciwon dajin huhu na tafe gare shi? Amsar a taƙaice ita ce, akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba ta kai inda masu yaɗa ta ke kai ta ba. To, da yake abin ya shafi rai kuma ya shafi aljihu, mun ga ya kamata mu warware shi dalla-dalla.

Mu nan, musamman iyayenmu fataken goro, ba baƙin kalmar sankara ba ne. Tun kafin likitoci su ari kalmar, mai goro ya san ta. Ya san za ka ga huhun goro lafiya lau daga waje, ganye ɗanye shar, ɗauri daram, amma ƙwaro na ciki yana ɓarna. Abin mamaki, shi ma huhun da ke cikin ƙirjinmu haka sankararsa take. Cikin huhu ba ya jin zafi irin yadda fata ko haƙori ke ji, saboda haka ƙari na iya girma wata da watanni mutum na harkokinsa, yana lodi, yana tuƙi, yana ciniki. Kafin tari da rama su bayyana, sau da yawa abin ya riga ya tsallaka zuwa ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2.5 suka kamu da wannan ciwo, kimanin miliyan 1.8 kuma suka mutu da shi. Duk cikin nau'o'in ciwon daji babu wanda ya kai shi kisa. A Amurka, inda ake ajiye lissafi sosai, waɗanda aka gano nasu tun yana wuri guda bai bazu ba, fiye da 60 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Waɗanda aka gano bayan ya bazu zuwa wasu sassan jiki kuwa, ba su kai 10 cikin 100 ba. Ciwo ɗaya ne, ranar gano shi ce ta bambanta.

Babban sanadinsa kowa ya sani, ko da ba ma son faɗa: taba sigari. Tun 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna haka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi 85 cikin 100 na masu ciwon, taba ce silarsu.

To, ta yaya za a kama shi da wuri? Hoton ƙirji irin wanda muka saba, an gwada shi shekaru an ga ba ya rage mutuwa, don ƙaramin ƙari yakan ɓuya a bayan haƙarƙari ko bayan zuciya. Wanda ya yi aiki shi ne hoton babbar na'urar nan da ake kira siti-sikan, wadda ake tura mutum cikinta a kwance tana ɗaukar huhu yanka-yanka kamar ana yanka biredi. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum 53,454, dukansu tsofaffin mashaya taba, wanda sakamakonsa ya fito a 2011, an ga mutuwa daga sankarar huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100 a wajen waɗanda ake yi wa wannan hoto duk shekara. A 2020 wani gwajin da aka yi a Holand da Beljiyam ya tabbatar da hakan, nasu ma raguwar ta kai kashi 24 a maza.

Amma fa akwai rina a kaba. A gwajin Amurka, kusan hoto 1 cikin kowane 4 yakan nuna wani tabo mai tayar da hankali, sa'an nan idan aka bi diddigi sai a tarar 96 cikin 100 na waɗannan tabbai ba sankara ba ne. Ke nan mutane da yawa sun sha fargaba, an sake yi masu hoto, wasu har an soka masu allura a huhu, a kan abin da ba komai ba. Kuma sai an duba mutum 320 kafin a ceci rai guda. Ga tsada, ga ƙarancin na'ura. Don haka ba kowa ake turawa ba, sai an tankaɗe.

Rariyar da ake tankaɗen da ita a Amurka, bisa ƙa'idar da suka sabunta a 2021, ita ce shekarun mutum da yawan tabar da ya sha. Sai wanda ke tsakanin shekara 50 zuwa 80, wanda yake sha ko ya bari bai wuce shekara 15 ba, kuma abin da ya sha ya kai kwali guda a rana har tsawon shekara 20. Ga yadda ake lissafin, kowa ya yi nasa a zuci. Kwali kara 20 ne. Mai shan kwali guda kullum shekara 20, ya cika ashirin ɗin. Mai shan kwali biyu, shekara 10 ta ishe shi. Mai sayen kara 10 a rana wajen mai tebur, idan ya shekara 40 yana yi, shi ma ya cika.

Matsalar wannan rariya ita ce idonta ya yi faɗi. Mutane masu yawa da ke kamuwa da ciwon ba su cika sharaɗin ba, wani ya sha kaɗan, wani ya daɗe da bari, sai su zurare ba a duba su ba. A ɗaya hannun kuma ana tura dubban da ba abin da zai same su. A nan ne masana suka ce, bari mu tambayi jini.

Idan aka ce furotin, abin da ke zo mana a rai shi ne nama da wake da ƙwai. Haka ne, amma jiki kansa yana ƙera furotin iri dubbai, kowane da aikinsa, kuma ƙwayoyin halittar kowace gaɓa suna da irin nasu. Idan aka ɗebi jini aka bar shi ya kwanta a kwalba, ruwan nan fatsi-fatsi da ke tasowa sama cike yake da su. Duk lokacin da wani nama a jiki ya fara canza hali, wasu daga cikin furotin ɗinsa kan tsiyaya cikin jini fiye da yadda aka saba. Kamar dai ɗan garin nan da gwanin goro kan gani a gindin kwando, ya san ƙwaro ya shiga tun bai fasa goro ko ɗaya ba.

Guda huɗu ne suka fi yin suna a wannan bincike, kuma sunayensu na likitanci ne, sai ku yi haƙuri da su. Na farko CEA, wanda wasu likitoci biyu, Phil Gold da Samuel Freedman, suka gano a Kanada a 1965 a cikin sankarar hanji. Na biyu CA125, wanda Robert Bast da abokan aikinsa suka gano a 1981 a sankarar ƙwan mace. Na uku CYFRA 21-1, shi kuma gutsuren furotin ne da ke riƙe da surar ƙwayoyin da suka shimfiɗe hanyoyin iska, idan suna mutuwa da yawa sai gutsattsarin su faɗa jini. Na huɗu, Pro-SFTPB, shi ne ɗan asalin huhu. Akwai wani abu mai santsi kamar sabulu da huhu ke shafa wa 'yan jakunkunan iskarsa don kada su manne, to wannan furotin ɗanyensa ne, wanda ba a gama sarrafawa ba. Kowane ɗayansu shi kaɗai rauni gare shi. Dabarar ita ce a auna su tare, a haɗa da tarihin shan tabar mutum, a fitar da maki guda.

Yadda aka yi aka gwada wannan dabara abin ji ne. Ba yadda za a yi ka san jinin wanda zai kamu baɗi, sai in ka ɗebi jinin mutane masu yawa tun suna lafiya, ka daskarar ka ajiye, ka jira. To, an yi sa'a akwai irin wannan ajiya. A Amurka an taɓa yin wani gwaji da mutum 18,314, mashaya taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, ana ba rabinsu ƙwayoyin bitamin A da sinadarin nan mai sa karas ya yi ja, da zaton zai kare su. A farkon 1996 aka dakatar da gwajin tun lokacinsa bai cika ba, don masu shan ƙwayar sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 28 cikin 100. Wannan kaɗai ya isa abin tunawa duk ranar da mai tallar magani ya miƙe a cikin mota yana ce mana ga bitamin mai wanke ƙirjin mashayi. Gwajin ya faɗi, amma jinin da aka tara yana nan cikin ƙanƙara.

Shi aka ɗauko bayan shekaru. Ayarin masana da suka haɗa da Samir Hanash na asibitin ciwon daji na MD Anderson a Amurka da Mattias Johansson na hukumar nan ta Liyon suka auna furotin ɗin nan a jinin waɗanda ciwon ya bayyana gare su cikin shekara guda da ɗibar jinin, suka tsara lissafinsu, sa'an nan suka jarraba shi a kan wani jinin dabam na mutanen Turai. Sakamakon ya fito a 2018. Tarihin shan taba shi kaɗai ya nuna 43 cikin kowane 100 da za su kamu. Da aka haɗa da furotin huɗun, sai ya nuna 63, ba tare da an ƙara yawan masu lafiyar da ake tsoratarwa ba.

A 2022 aka maimaita da jini mai yawa daga wani tsohon gwajin na Amurka. Aka ga da an yi amfani da jinin haɗe da lissafin haɗari, da an ƙara kama masu ciwon da kashi 9.2 cikin 100, kuma an rage tura masu lafiya hoto da kashi 13.7, idan aka kwatanta da ƙa'idar 2021. A 2023 kuma wani ayarin ya faɗaɗa komar. Sun auna furotin har iri 1,162 a jinin mutum 731 da suka kamu cikin shekara 3 da ɗibar jininsu, kowane an haɗa shi da takwaransa mai irin shan tabarsa wanda bai kamu ba, daga Amurka da Turai da Singafo da Ostareliya. Suka tsamo iri 36 da ke da alaƙa da kusantowar ciwon.

Wannan ci gaba ne na gaske, ba mu raina shi ba. Amma jama'a, ku lura da abin da aka ce jinin yana yi. Aikinsa ya nuna wa ya fi cancanta a kai shi na'urar hoto. Tabbatar da ciwo kuwa har gobe sai an yi hoto, an ciro ɗan tsokar wurin an duba ta a madubin likita. Kuma hangen jinin gajere ne, shekara 1 zuwa 3. Ba zai gaya wa saurayi ɗan shekara 25 abin da zai same shi yana da 60 ba, abin da yake jiyowa motsin ciwon da ya riga ya fara ne ko yake dab da farawa.

Mu ɗan yi lissafi irin na kasuwa da alƙaluman 2018. A wannan gwaji, cikin masu lafiya 100, 17 jinin zai nuna su a matsayin masu haɗari. A ce, alal misali, mun tara mutum 1,000, kuma 10 daga cikinsu ne ciwon ke tafe gare su. Jinin zai kama 6, ya saki 4 su koma gida da murna. Cikin 990 da suka rage kuwa, wajen 168 za a ce masu akwai alama, alhali ba su da komai. A ƙasar da na'ura ke jira a ɗaki na gaba, wannan ba laifi, sai a shiga a rarrabe. Ga wanda zai sayar da kayan sana'arsa kafin ya biya kuɗin hoto, magana ta canza.

Sa'an nan ga abin da ya fi damunmu. Ku sake duba ƙasashen da muka lissafa, babu Afirka a ciki. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin furotin ɗin nan ba sankara kaɗai ke ɗaga su ba. CA125 yakan hau idan mutum na da tarin fuka, ko ruwa ya taru a ƙirji ko a ciki, ko hanta ta lalace, a mata kuma har juna biyu da al'ada kan ɗaga shi. CEA yakan hau a jinin mashayin taba ko da lafiyarsa ƙalau, haka ma mai ciwon hanta. CYFRA yakan hau idan ƙoda ta gaza. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, ciwon hanta ma ba baƙonmu ba ne. Mudun da aka auna da jinin mutanen Suwidin, sai an sake gwada shi a kan namu kafin mu san ko ya cika.

Wani abin kuma, alama dabam, sanadi dabam. A 2017 an ba masu ciwon zuciya, cikin gwajin mutum 10,061, wata allura mai suna canakinumab da ke danne wani furotin mai hura kumburi a jiki, sai aka lura waɗanda suka sami mai yawa sun fi ƙarancin kamuwa da sankarar huhu. Murna ta tashi. Da aka gwada allurar a kan masu sankarar huhun kansu a shekarun da suka biyo baya, ba ta yi abin da aka sa rai ba. Saboda haka duk wanda ya ce maku yana da maganin da zai sauke maku waɗannan alƙaluma a jini don ku tsira, ku riƙe kuɗinku.

Har ila yau, hoton siti-sikan ne hanyar da manyan hukumomin lafiya suka amince da ita don duba mashayan da ba su da alamar ciwo. Awon furotin huɗun yana hannun masu bincike tukuna. Amma CEA da CA125 ɗai-ɗai ana auna su a ɗakunan gwajin jini na kuɗi a manyan garuruwa, wani lokaci a cikin jerin gwaje-gwajen da ake tallatawa da sunan duba lafiyar jiki gaba ɗaya. Asalin amfaninsu a asibiti shi ne bin sawun wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon, a ga ko magani na ci. Mai lafiya ya je ya biya a auna masa, ɗayan biyu ne. Ko adadin ya ɗan hau ya hana shi barci a banza, ko ya fito daidai ya ɗauka an wanke shi ya ƙara kunna wata. A ganinmu na biyun ya fi muni.

To, mu da muke nan, me ke hannunmu? Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne kamar da sankarar huhu ke yi da tarin fuka: tari, rama, jini a kaki, ciwon ƙirji. Tarin da ya wuce mako 2 a je asibitin gwamnati a auna kaki, awon da maganin tarin fuka kyauta ne. Amma idan an auna ba a ga ƙwayar cutar ba kuma tari ya ƙi tafiya, ko an sa mutum a kan magani ya yi wata 2 yana sha ba fashi amma sai ƙara zubewa yake, musamman in ya haura 40 kuma ya taɓa shan taba, to a koma a tambayi likita ko akwai buƙatar babban hoto. A nemi takardar zuwa asibitin koyarwa mafi kusa, na Ibadan ne, ko na Idi-Araba a Ikko, ko na Inugu. Haka in murya ta dushe ta ƙi dawowa, ko kafaɗa guda ta dame shi da ciwo, ko kan yatsunsa suka kumbura farce ya lanƙwashe. Mun san al'adarmu, in ciwo ya yi tsanani sai a ce a sa shi a mota a kai shi gida Arewa. Kafin a kai ga haka, a bari a san sunan ciwon.

Ba masu taba kaɗai muke wa magana ba. A 2012 hukumar Liyon ta sa hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu, hayaƙin itacen girki a cikin ɗaki kuma ta ce mai yiwuwa ne ƙwarai yana jawowa. Direban tirela da yaronsa masu shimfiɗa tabarma kusa da salansa inji na aiki, mai kwana da janareta a bakin taga, iyayenmu mata masu tuwon sayarwa a rumfar da ba mafitar hayaƙi, duk abin ya shafe su. Binciken jinin da muka ambata kuwa a kan mashaya taba aka gina shi, bai ce komai a kan waɗannan bayin Allah ba. Nasu kariyar ita ce a matsar da shimfiɗa, a fitar da janareta nesa, a buɗe wa murhu iska.

Ga masu sha kuma, akwai alƙaluman da suka fi na jini daɗin ji. Shi dai Richard Doll ɗin nan ya bi likitocin Ingila maza tun 1951 har shekara 50. A rahoton 2004 an ga mashayi na rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana da shekara 60 ya maido wajen 3, mai 50 ya maido 6, mai 40 ya maido 9, mai 30 kuwa kusan duka goman. Mu kuma tuna wa 'yan uwanmu masu tebur cewa dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara.

Ko ranar da awon jinin zai iso asibitocinmu, ba zai yi aiki ba sai da lissafin kwalin nan, don tare ake haɗa su. Mun san da yawa kan ɓoye shan tabarsu, musamman in ɗa ko suruki ne ya rako su asibiti, likita ya tambaya su ce sam. Mai rakiya ya ɗan fita waje, a faɗa wa likita gaskiyar kara nawa, shekara nawa, yaushe aka bari. Wanda yake son a taya shi wannan lissafi ya tsaya bayan an tashi, za a yi masa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba.

Shugaba, mun mayar da magana gare ka, in akwai masu tambaya.